Gajiyar Oddvar

Shekara ashirin da shida Oddvar Brekkhus yana gajiya da motar zana hanya. Ranar Lahadin farko ta watan Oktoba gajiyar ke zuwa masa, a taron ƙungiyar masu zamiyar ƙanƙara ta Skjelldal, bayan an sha kofi zagaye na biyu. Sai ya miƙe, ya dafe ƙugu, ya ce bayansa ya ƙare, a nemi wani. Ɗaki ya yi tsit, kowa ya ƙura wa kofinsa ido kamar zobensa ya faɗa ciki. Can sai shugabar ƙungiya, Gunvor, ta ce, "Shekara ɗaya kawai, Oddvar." Ya ƙi. Ta sake roƙo. Ya ɗaga kai ya dubi rufi, ya ja dogon numfashi. A tafa kaɗan, a wuce magana ta gaba.

Kowa ya san wasan. Aikin ƙungiya aikin gayya ne, kuma a kwarin nan mutum ba ya buɗe baki ya ce yana son abu, ko da abin zai kashe shi. Motar kuwa ita ce ran Oddvar. Ja ce, mai ƙafar katafila, tana jan ƙarfe a baya wanda ke tsaga layi biyu a kan dusar ƙanƙara, kilomita goma sha huɗu cikin daji. Duk wanda ya ɗaura katakon zamiya a Skjelldal, daga jariri mai koyon tsayuwa har limamin coci, sawun Oddvar yake bi. Ba ya faɗa, amma ya sani.

A shekara ta ashirin da bakwai ne aka samu baƙo a taron: Sindre Haukvik, likitan haƙori da ya taso daga Oslo, mutum mai fara'a fiye da yadda ake bukata. Oddvar ya miƙe, ya dafe ƙugu, ya faɗi abin da ya saba. Ɗaki ya yi tsit. Gunvor ta buɗe baki ke nan, sai ga hannu a sama.

"Ni zan karɓa," in ji Sindre. "Haba, ku bar dattijo ya huta mana!"

Wani cokali ya faɗi ƙasa, babu wanda ya ɗauka. Mutum talatin da ɗaya suna ɗakin, kowa ya san an yi ɓarna, amma gyara wa baƙo magana a bainar jama'a ya fi ƙarfinsu. Gunvor ta dubi Oddvar. Oddvar ya dubi takalminsa. Yaya za a yi mutumin da ya gama cewa bayansa ya ƙare ya ce ya warke cikin minti ɗaya?

"Madalla," Oddvar ya ce, muryarsa kamar ana murɗe tsohon ƙusa. Ya zaro makulli ya ajiye a tebur.

Tunda ba a barin mutum ba aiki, aka tura shi rumfar waina, ƙarƙashin Borghild. Shekararta saba'in da huɗu, talatin daga ciki ta yi su ne a gaban ƙarfen gasa waina, kuma harshenta ya fi ƙarfen zafi. Ranar Asabar ɗin farko da dusar ƙanƙara ta sauka, ta miƙa masa rigar girki mai zanen furanni.

"Ɗaura, sarkin daji. Ludayi ɗaya a kowane ƙarfe. Ɗaya na ce, ba dusa kake kwashewa ba."

"Na tuƙa tankar madara shekara arba'in, Borghild. Ba waina ce za ta gagare ni ba."

"To ga ta nan tana ci da wuta, direba."

Ta tagar rumfar ana ganin inda hanya ta shiga daji. Nan Oddvar ya kafa ido, yana yanka cukwi mai ruwan ƙasa a kan waina, yana jira. Abin da yake jira shi ne fadamar da ke bayan gonar Lien, wadda ba ta daskarewa sosai sai Janairu. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba. A kansa yake, kuma a can ya yi niyyar barinsa. Mota ta nutse zuwa ƙugu, a zo a ƙwanƙwasa masa ƙofa, ya ƙi sau ɗaya, ya yarda a na biyu. Har ya tanadi yadda zai girgiza kai.

Sindre kuwa ya zo da kansa, hula a hannu. "Oddvar, akwai abin da ya kamata in sani game da hanyar?"

"Dusa fara ce, likita. Itatuwa ba sa kaucewa."

Likita ya yi dariya, ya sayi waina biyu, har ya yaba ƙonanniyar. Ashe yana da taswira a waya mai nuna inda ruwa yake. Ya zagaye fadamar kamar a can aka yanke masa cibiya. Layinsa kuma miƙaƙƙe, ba irin na Oddvar mai 'yar karkata a gindin kowane tudu ba, wadda shekara ashirin da shida ana cewa laifin ƙasa ne.

Ranar gasar yara, Oddvar na tsaye a taga da rigar furanni ya ji limamin coci yana kwance katakonsa yana cewa, "Hanyar bana ba laifi."

Ba laifi! A Skjelldal ba a yabon da ya wuce wannan. Oddvar sau biyu ya taɓa samu, ɗayan ma ranar da ya ciro karen Gunvor daga rafi ne.

"Wani abu na ƙauri," in ji Borghild. "Ko wainar ce, ko kai."

Sai dai a watan Fabrairu fara'ar likita ta soma zubewa. Dusa ba ta san ranar aiki ba. In ta sauka, sai ya zagaye daji kafin ya je ya leƙa bakunan mutane, kuma in ya makara da rabin awa, ba mai yi masa faɗa, sai dai a taru a bakin hanya da katako a ƙafa, a yi shiru, ana duba agogo. Ya rame. Wata Asabar ya jingina da tagar rumfa, idanu sun faɗa.

"Oddvar, don Allah yaya ka yi shekara ashirin da shida? Ni na ƙoshi. Ka karɓi abarka."

Oddvar ya ɗaga murfin ƙarfe. Ya juya waina a hankali. "Motar ƙungiya ce, likita. Taro ke bayarwa."

Duk bazarar nan ya yi ta da ƙarfinsa. Ya shafa wa takalman aikinsa mai, ya sayi sabon safar hannu, ya riƙa tafiya a gari yana ɗan dafe ƙugu don kada a ce yana ɗoki.

Oktoba ta zo, aka sha kofi zagaye na biyu. Sindre ya miƙe ya ce ya gaji, a nemi wani. Ɗaki ya yi tsit. Kowa ya ƙura wa kofinsa ido, amma a wannan karon da ɗan murmushi. Shekara ɗaya kacal, yaron Oslo ya koyi ladabi.

"Shekara ɗaya kawai, Sindre," in ji Gunvor.

"A'a, da gaske nake! Matata ta ce ta manta kamannina."

Aka gyaɗa kai. Ya ma fi Oddvar iyawa, shi bai taɓa tunanin sako mata a ciki ba.

"Ga Oddvar nan!" Sindre ya nuna shi da hannu biyu. "Ku ba shi!"

Gunvor ta juya. "Oddvar?"

Kalma ɗaya ake bukata, kuma wata takwas yana ajiye da ita. Amma idon kowa na kansa, bakin kuma ya riga ya saba hanyarsa.

"Ni? Ai kun san bayana."

Ya gyara zama yana jiran roƙo na biyu. Abin da ya manta shi ne, roƙo na biyu na mai riƙe da makulli ne. Gunvor ta riga ta juya.

"Ka ji dai, Sindre. Babu wani. Shekara ɗaya kawai."

Sindre ya ɗaga kai ya dubi rufi, ya ja dogon numfashi irin na wanda ruwa ya ci. Ɗaki ya ɗauki tafi. Likita ya waiga yana neman abin da ake tafa wa.

Kafin tafin ya lafa, Borghild ta miƙe. Ba ta dafe ƙugu ba, ba ta dubi rufi ba. Ta zaro ludayi daga jakarta ta dangwarar a gaban Oddvar.

"Ni ban iya wasan nan naku ba. Zan koma wurin 'yata a Bergen ranar Alhamis. Ga magajina, rabi kawai yake ƙonawa yanzu."

Aka sake tafawa.

Lokacin ƙanƙarar nan Oddvar ya yi ta shi kaɗai a rumfa. Kowace safiyar Asabar yana jin ƙugin jar motar tana shiga daji, likita a ciki yana hamma, shi kuma yana zuba ludayi ɗaya a kowane ƙarfe. Da Oktoba ta zagayo ya miƙe a taro, ya ce ya gaji da waina, a nemi wani. Bai dafe ƙugu ba. Karon farko ke nan a rayuwarsa da ya faɗi gaskiya a ɗakin nan.

Kowa ya ƙura wa kofinsa ido.

"Shekara ɗaya kawai, Oddvar," in ji Gunvor.