Gwangwanin Hagu

Shekara talatin Baba ya yi yana koyar da Turanci a sakandare, kuma duk ɗalibin da ya bi ta hannunsa ya san gwangwanayen madarar nan biyu. Yakan yayyanka kwalin sabulu, ya rubuta kalmomi biyu masu kama da juna a gaba, bambancinsu a baya. Ka faɗi daidai, kati ya shiga gwangwanin dama. Ka yi kame-kame, sai na hagu, gobe ku sake gamuwa. Dokarsa ɗaya ce: ba a jefa kati sai an juya shi an karanta bayansa da ƙarfi. Ko Auta, 'yar cikinsa, bai taɓa ɗaga mata ƙafa ba. Ta sha kuka a kan gwangwanin hagun nan.

Yau ita ke riƙe da katunan. Wata huɗu ke nan da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da Baba. Ƙafa ta dawo, baki ya miƙe, shugaban makaranta kuma ya aiko cewa ran Litinin yake son magana ɗaya: Malam zai koma aji, ko a ba wani? Baba da kansa ya ce a gwada shi da gwangwanayensa.

Suka zauna a falo bayan karin kumallo. Auta ta ɗaga kati.

"Imply da infer, Baba."

Ya buɗe baki, ya rufe, ya shafa gemu. Mutumin da a da kafin ka dire tambaya ya jero maka misali uku! Da ƙyar ya lalubo amsa, ita ma a birkice. Auta kuwa ta san begen komawa ajin nan ne ya tashe shi daga kwance.

"Haka ne," in ji ta, ta jefa a dama.

Na biyu ma haka, na uku ma. Tausayinsa ya cika ta. Da ta jefa na goma sha biyu, sai ya ɗaga hannu.

"Auta, tun ɗazu ba ki juya ko ɗaya ba."

"Ai na haddace su, Baba."

"Ni ma haka na zata. Miƙo."

Ya zazzage gwangwanin daman a kan tebur. Da hannunsa mai lafiya ya riƙa juya su yana karanta rubutunsa da ƙarfi, yana sakawa a hagu. Goma sha ɗaya suka tafi can.

"Gajiya ce kawai, Baba. Gobe mu sake."

"'Ya'yan mutane jarrabawa ke gabansu, 'yar nan. Ki goge gwangwanayen ki kai wa wanda za a ba ajin. Ki ce masa na ce a riƙa juyawa."

Ta tattara katunan hawaye na zuba, ta kai hannu ga guda ɗayan da ya rage a tebur.

"Bar min wannan," in ji shi. "Shi na ci."

Ya sa shi a aljihun gaba, inda jan bironsa yake zama.