Jaririn Da Ba Ya Kuka

Kwana goma sha tara da haihuwa, ɗan Rauda bai taɓa tsala kukan da maƙwabta za su ji ba. Barci kawai, nono ma sai an tashe shi. Matan Tudun Wada masu zuwa barka kuwa sai yabo: "Kai, yaron nan akwai haƙuri!" Inna Ishatu, mahaifiyar Rauda da ta ɗauko ta wankan gida, har wani hura hanci take yi.

Ita Rauda hankalinta bai kwanta ba, amma ɗan fari ne, ina bakin magana? Ko kallonsa ta cika yi, sai a ce ba ta da kunya.

Ranar Talata Virginia, nas ɗin da ke haya a gidan gaba, ta leƙo. Ta ɗauki yaron, ta duba harshensa da ya yi kauri, da cibiyar da ta turo, da fatar da har yanzu take rawaya-rawaya. Nan take fara'arta ta ɗauke.

"Rauda, akwai wata 'yar tsoka a gaban wuya, ita ke fitar da sinadarin da ke gina ƙwaƙwalwar jariri. Ina tsoron tasa ba ta aiki. A gwada jininsa gobe. Duk makon da aka ƙara, ana asarar abin da ba ya dawowa."

Inna ta ce atafau. "Mai jego ta fita kafin arba'in, da ɗanyen jiki? Yaro lafiyarsa lau, ku ne dai ba ku san albarka ba."

Washegari da hantsi, bayan wankan ganye da kunun kanwa, Rauda ta zura hijabi, ta saɓa ɗanta a kafaɗa. Tunda take ba ta taɓa ƙetare maganar Inna ba.

"Ina zuwa?" in ji Inna.

"Asibiti, Inna."

"A kan ɗan fari kike wannan rawar jiki? Ba ki ji kunya ba?"

"Na ji, Inna. Ki yafe mini, amma tafiya zan yi."

Tana bakin titi tana tsayar da a-daidaita-sahu, sai ga Inna a bayanta, mayafi a karkace, tana ta surfa faɗa. Ta fizge yaron, ta riga Rauda shiga a-daidaitar.

Bayan kwana uku sakamako ya fito, maganar Virginia ce ta tabbata. Likita ya rubuta wata 'yar ƙwaya, kullum da safe a murƙushe a cikin nono a ba shi, wataƙila har iya rayuwarsa.

Rauda ta daure ta tambaya, "Likita, zai yi wayo kamar sauran yara?"

"In sha Allahu. Da kun ƙara wata guda, da ban iya kallon idonki na faɗi haka ba."

Suka koma gida. Suna shiga Inna ta ɗauko cokali ta wanke.

"Zo ki nuna mini yadda ake murƙushewar. Ke mantuwa gare ki."