Tagar da Ba Ta Buɗuwa

A garinsu na bakin teku, can yammacin Denmak, idan mutum ya cika ba a fara kuka sai an buɗe taga, don ransa ya sami hanyar fita. Ko sanyi na tsaga ƙashi sai an buɗe. Bodil tana yarinya ta ga uwarta ta yi wa jarirai biyu haka.

Mijinta Aksel, tsohon masunci, yana kwance a hawa na uku na gidan tsofaffi tun da ɓarin jikinsa ya shanye. Gidan ba abin kushewa. Gado da shinge don kada ya faɗo, a ƙasa wata shimfiɗa mai ƙara in ya sauke ƙafa, abinci kuwa a dame kamar na yaye don kada ya ƙware.

"Tsohuwa, ki sato min kifi mai gishiri mana," in ji shi.

"Su kama ni su ɗaure? Hawan jininka fa?"

"Jinin ya hau ya gaji, gangarowa yake yi."

"Bakin nan naka dai bai shanye ba."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa sai ya kama hannunta da hannunsa mai rai. "Bodil, in na tafi ki buɗe min taga. Kada ki bar ni a ɗakin nan ina shawagi kamar ƙuda."

"To, sarkin surutu. Zan buɗe."

Da barci ya ɗauke shi ta je ta duba. Tagar ba ta da mariƙi. An cire shi, sai wani ɗan rami a wurin.

Ta tare Sidsel, ma'aikaciyar jinyar da ke kula da shi, yarinya mai kirki wadda kullum a guje take.

"'Yar nan, ina mariƙin tagar?"

"An cire duka, Inna. Wani tsoho ne ya faɗo daga bene a wani gari, shi ne aka sa doka. Iska tana shigowa ta bututu, tatacciya ma."

"Rai ba ya bin bututu."

Sidsel ta zauna kusa da ita, abin da ba ta cika yi ba. "Inna, ba ke kika ba ni labarin ƙaninki Jeppe ba? Yaro ko gashin baki bai fara ba aka tura shi teku, babu rigar ceto, ya nutse, washegari jirgin ya sake fita da wani yaron. Yanzu ko farcen Baba Aksel ya karye sai an tambaye ni dalili. Wane zamani ne ya san darajar rai?"

Gaskiya yarinyar ta faɗa. A da rai arha gare shi kamar kan kifi. Abin da ta tuna kawai shi ne ba a ga gawar Jeppe ba, amma duk da haka uwarsu ta buɗe taga, maƙwabta suka cika ɗakin cikin rigunan sanyi suna rawar ɗari, ba wanda ya ce a rufe.

"Wa ke da makullin tagar?" Bodil ta tambaya.

"Mai kula da gini, shi ma sai da izinin shugabar gida. Na yi miki alkawari zan faɗa mata ranar Litinin."

Aksel bai jira Litinin ba. Ranar Lahadi bayan abincin rana ya ja numfashi ya saki, bai ƙara ja ba. Bodil ta rufe masa ido. Ba ta yi kuka ba, tunda ba a buɗe ba tukuna. Ta ɗauki cokalin shayi ta cusa a ramin tagar ta murɗa. Cokalin roba ne, ya karye. Ta buga gilashin da ƙasan kofi, ko gezau bai yi ba, irin wanda ba ya fashewa ne.

Sidsel ta shigo, ta dubi gadon, ta rungume ta. "Sannu, Inna. Na kira mai kula da ginin bai ɗauka ba. Bari in sake gwadawa." Ta fita ta bar ƙofar ɗakin a buɗe.

Bodil ta leƙa. A ƙarshen rufaffiyar barandar da ɗakuna ke jere a cikinta akwai ƙofar gudun gobara, mai fita kan matakalar waje. Ta ce a ranta, ai mutumin da ya san hanya cikin hazo ba zai ɓata a 'yar barandar nan ba.

"Biyo ni, tsoho," ta ce. "Ba nisa."

Ta taka a hankali don ya iya bin ta. Ƙofar a kulle take, amma a gefenta akwai jan maɓalli a cikin ɗan akwati. Ta danna da duk ƙarfinta. Ƙofar ta saki, iskar teku ta bugi fuskarta.

Sai ƙararrawar gobara ta ɗauka. Bodil ba ta san cewa idan ta yi ƙara ƙofofin ɗakuna kan rufe da kansu don tare hayaƙi ba. Ta waiwaya tana kallo suna rufewa ɗaya bayan ɗaya, har ta Aksel, wadda ta ja a hankali ta datse.

Ta yunƙura za ta koma, wasu ma'aikata biyu suka riƙe ta ta hammata. "Ba a komawa, Inna! Doka ce!" Suka sauko da ita tsakar gida, suka yafa mata bargo, wani yana auna bugun zuciyarta. Wata mata mai rigar aiki tana ƙirga kawunan mutanen da aka fito da su.

"Kowa lafiya, ba wanda ya ji ciwo," in ji ta.

"Mijina na ciki," in ji Bodil.

Matar ta dubi Sidsel, Sidsel ta raɗa mata magana a kunne. Sai ta dafa kafaɗar Bodil cikin tausayi.

"Kwantar da hankalinki, Inna. Shi ai ba abin da zai same shi."

Bodil ta ɗaga kai tana neman tagarsa a hawa na uku. Duk iri ɗaya ne, rana na ƙyalli a kansu, ta kasa gane wacce ce tasa.