Allurar Hajiya Shugaba a Buji

Shekara talatin da ɗaya Hajiya Nuriyya Lado ta yi tana koya wa 'yan mata aikin jinya. Daga ɗakin haihuwa ta fara, ta koma aji, har ta zama shugabar wata makarantar koyon aikin a Dutse. Ɗalibai in suka ji ƙarar takalminta, tsayuwa suke gyarawa. Abin da ba wanda ya sani, in ban da marigayi mijinta, shi ne ita kanta tsoron allura take yi, irin tsoron da ke sa babba kuka har da majina.

Sai ga zazzaɓi ya ƙi jin ƙwaya, likita ya rubuta mata allura uku. Ta zauna a falonta a unguwar Yalwawa tana tuna asibitocin Dutse ɗaya bayan ɗaya, kowanne cike da ɗalibanta. In ta yi ihu da safe, kafin azahar labarin ya gama zaga wayoyi.

Ta ari niƙabin maƙwabciya, ta hau motar haya zuwa wani ƙaramin asibiti a ƙauyen Buji. A hanya take ce wa kanta, "Sannu Shugaba. Mai yi wa yara faɗa kan rashin zuciya, yau ga ki a matse tsakanin buhun gero da akuya."

Nas ɗin da ta tarar, Mashkura, ta karɓi takardar. "Zauna nan, Inna. Ba zafi."

Hajiya ta gyaɗa kai. Ta riga ta yi wa kanta alkawarin ba za ta buɗe baki ba. Mashkura ta zuƙi maganin a sirinji, ta nufo ta.

"Ba ki fitar da iskar ba," in ji Hajiya, kafin ta ankara. "Hannun ma yaushe kika wanke shi?"

Mashkura ta tsaya cak. "Innalillahi! Mama Shugaba?"

Ta ajiye sirinjin. "Wallahi Mama ba zan iya ba. Sau biyu kika kayar da ni a jarrabawar allura."

"To ki ci ta ukun." Hajiya ta ɗage niƙabin, hawaye har sun jiƙa shi. "Tsoro nake ji, Mashkura. Zan yi ihu. Ke dai ki yi aikinki."

Mashkura ta wanke hannu, ta fitar da iskar, ta yi bisimilla. Hajiya kuwa ta yi abin da ta faɗa: ihun da ta yi, har matan da ke layi a baranda suka ɗauka naƙuda ce, suna cewa Allah ya raba lafiya.

Da ta dawo hayyacinta, ta share fuska. "Wa za ki gaya wa?"

"Ba kowa, Mama. Ko na faɗa, wa zai yarda?" Mashkura ta miƙa mata takardar, tana danne dariya. "Saura biyu. Gobe ƙarfe tara, kada ki makara."