Minti Talatin a Agogon Magatakarda

Shekara ashirin da shida Magatakarda ya yi a kujera ɗaya, ta hannun hagun Shugaban kwamitin ilimi na majalisar yanki, kuma ba wanda zai bugi ƙirji ya ce ga ɓangaren da yake. Aikinsa shi ne ya rubuta abin da aka faɗa, ya riƙe littafin ƙa'idojin zama, ya kuma duba lokaci. Yana da agogo irin na masu horar da 'yan tsere, da wata 'yar ƙararrawar tagulla da marikinta ya soma lauyewa. Kowane ɗan majalisa minti biyar gare shi, tambaya da amsa duk a ciki. Da lokaci ya cika sai ya kaɗa, ko wa ke magana.

Kwamishinan ilimi kuwa ya san minti biyar ɗin nan fiye da yadda ya san makarantunsa. Da an jefo masa tambaya sai ya gyara zama, ya gode wa mai tambaya, ya gode wa mutanen mazaɓarsa, ya gode wa Shugaba, sannan ya ɗauko tarihin yadda gwamnatin tsakiya ta sakar wa yanki ragamar makarantu. Kafin ya iso bakin amsa, ƙararrawa ta kaɗa. A bayan idonsa Mai-Godiya ake ce masa.

A bana gwamnatin yanki ta fito da sabon tsari: za a rufe ƙananan makarantun firamare goma sha ɗaya, a zuba yaransu cikin manya. A shafi na uku na takardar an yi alkawari cewa ba yaron da zai yi tafiyar da ta wuce minti talatin a ƙafa. Litinin mai zuwa za a fara.

Ranar Talata wata sabuwar 'yar majalisa ta shigo ofishin Magatakarda, ɗan tsukukun ɗaki mai fanka mai ƙara. Tsohuwar ungozoma ce, kuma har a zauren majalisa Ungozoma ake kiranta, don rabin yaran mazaɓarta a hannunta suka faɗo duniya. Makarantar unguwarta na cikin goma sha ɗayan.

"Baba, ara mini littafin nan naka," ta ce.

"Littafi na kowa ne, ranki ya daɗe. Shawara ce dai ba na bayarwa."

A tsaye ta karanta, tana bin layi da yatsa, har ta tsaya a doka ta arba'in da biyu. Dokar ta ce idan ɗan majalisa ya sarayar da minti biyar ɗinsa ya nemi kwamiti ya je ya gani da ido, wani kuma ya goyi bayansa, to dole a je, kuma tsarin da ake magana a kai zai dakata sai an dawo da rahoto.

"Wannan tana aiki kuwa?"

"Tana cikin littafi."

"An taɓa amfani da ita?"

"Sau ɗaya, shekarar da na kama aiki."

Ta rufe littafin, ta yi godiya gajeriya, ta fita.

Magana ba ta kwana a majalisa. Washegari Shugaba ya aika aka kira Magatakarda. Shugaban da Kwamishina jam'iyyarsu ɗaya, kuma ba ya son abin da zai jawo wa gwamnati surutu. A kan teburinsa, ƙarƙashin kofin shayi, akwai wata takarda da Magatakarda ya gane tun daga bakin ƙofa. Ita ce takardarsa ta neman ƙarin shekara ɗaya kafin ya yi ritaya, wadda sa hannun Shugaba kaɗai take jira.

"Baba, na ji ana tono tsofaffin dokoki," in ji Shugaba yana murmushi. "In aka tambaye ka gobe, cewa za ka yi sai an duba. Ai ba ƙarya ba ce, me ne ne ba a dubawa?"

Magatakarda ya san abin da hakan ke nufi, don shi ke rubuta irin wannan amsa. Dubawa mako biyu take ɗauka, kafin nan an kwashe bencina an sa wa makarantu kwaɗo.

A gidan ma'aikata suke zaune shi da matarsa, kuma ƙa'ida ita ce wanda ya yi ritaya ya ba da makulli cikin wata uku. Nasu ginin yana can bayan gari, an kai shi linta amma ba rufi. Da ya gaya mata yadda suka yi da Shugaba, tana guga, sai ta kife dutsen gugar ta dube shi.

"Maigida, shekara ashirin da shida ba a ji ra'ayinka ba, har ni a gidan nan. Don Allah kada sai yanzu ka koyi magana."

"Ba ra'ayi za a tambaye ni ba," ya ce. "Abin da ke cikin littafi za a tambaye ni."

"To ka ce idonka ba ya gani sosai, ai gaskiya ce."

Ya yi dariya, amma tsoro yake ji. Ya tsufa da neman ɗakin haya, kuma ya san ciwon gwiwarta ba zai yarda da hawa bene ba.

Ranar Alhamis kwamiti ya zauna. Mutum uku suka yi tambaya, Kwamishina ya gode musu ɗaya bayan ɗaya, ƙararrawa ta sallame su. Da aka zo kan Ungozoma, Kwamishina har ya soma gyara murya.

"Ranka ya daɗe Shugaba, ba ni da tambaya," ta ce. "Na sarayar da lokacina a ƙarƙashin doka ta arba'in da biyu. Ina neman kwamiti, tare da Kwamishina, mu taka da ƙafa daga tsohuwar makarantar unguwata zuwa sabuwa."

A ƙarshen tebur akwai wani dattijon ɗan majalisa da yakan yi gyangyaɗi, wanda duk abin da ya ji an nema sai ya farka ya mara masa baya don a san yana nan. Ya kuwa farka ya ce ya goyi baya, sannan ya waiga yana tambayar na kusa da shi me aka ce.

Shugaba ya juyo hagu. "Magatakarda, akwai irin wannan doka da ke aiki?"

Littafin na gabansa, bai ma buɗe ba. Ya ga gefen kofin shayin nan a idonsa. Kalma uku kawai ake so ya faɗa, kuma ya sha rubuta su da hannunsa.

"Akwai, ranka ya daɗe. Shafi na sittin da ɗaya. Ba a taɓa soke ta ba."

Ya sunkuya ya rubuta abin da ya faɗa, kamar yadda yake rubuta na kowa.

Safiyar Juma'a suka hallara a ƙofar tsohuwar makarantar, 'yan majalisa bakwai, da Kwamishina cikin sabon takalmi mai tsini, da wani jami'in ma'aikata riƙe da taswira. Jami'in ya nuna musu jan layi miƙaƙƙe da aka ja da rula daga wannan makaranta zuwa waccan, ya ce da shi aka auna. Ungozoma ta ce ba sai an yi tafiyar yara ba, a yi ta manya. Magatakarda ya danna agogo.

Minti shida suka yi, jan layin ya kai su jikin katangar wata masana'anta, doguwa, mai fasassun kwalabe a kai. Jami'in ya dubi taswira, ya dubi katanga, ya ce a takarda ba ta fito haka ba. Suka bi gefenta. Daga nan sai babban titi mai shinge a tsakiya, wanda sai an gangara har gadar masu ƙafa kafin a tsallaka. Kwamishina ya soma ɗingishi. A kan matakalar gadar Shugaba ya rage sauri har Magatakarda ya iso shi.

"Af, Baba, takardar nan taka," ya ce a hankali, ba tare da ya dube shi ba. "Sai an duba."

"To, ranka ya daɗe."

Suna sauka daga gadar, daidai rumfar wani mai facin taya, Magatakarda ya dubi agogo, ya zaro ƙararrawa daga aljihu ya kaɗa. Kowa ya tsaya, har mai facin ya ɗago kai.

"Wai me kake kaɗawa a tsakiyar titi?" in ji Kwamishina yana share gumi.

"Minti talatin ya cika, ranka ya daɗe."

Suka duba gaba. Shaguna ne jere, da gidan mai, da wata mahaɗar hanya can nesa. Ko rufin makarantar ba a hango ba. Kwamishina ya buɗe baki, ya rasa wanda zai gode wa, ya rufe.

Magatakarda bai tsayar da agogon ba, don ba a iso ba tukuna. Ya rubuta lokaci da wurin a takardarsa, sauran suka ci gaba da tafiya. A ƙofar wani shagon kayan masarufi ya hangi kwalaye a jibge babu komai a ciki, manya masu ƙwari, irin waɗanda ake haɗa kaya a ciki in za a tashi daga gida. Ya ɗan ratse ya gaida mai shagon, ya roƙe shi ya ajiye masa guda goma, zai zo ya ɗauka da yamma. Sannan ya ƙara sauri ya cim ma kwamiti.