Katin Kalar Dikko

Dikko taubashina ne, don haka ba zan rufa masa asiri ba. Shekarar da ya dawo daga kwas a Ingila ya ci gaba da koyarwa a Tambuwal, ya zo da kwamfuta, ya zo da kai kamar tulu. Har da wani kati ya saya mata, ɗan falle kore da ake sokewa a cikinta don rubutu ya fito da kala a talabijin.

Duk Tambuwal an gani an yaba, amma bai ƙoshi ba. Mutum ɗaya yake so ta gani, Dada mahaifiyarsa. Shi ne ɗan farinta, ita kuwa Bafulatana ce mai kunyar gaske. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai "wancan", balle ta yaba masa. Abin yana cin ransa, ko da yake ba ya faɗa.

Muka loda kwamfuta da talabijin da injin wuta a a-kori-kura, sai Kebbe, garin da Dada take. Da isarmu ya ɗaga murfin yana nuna wa ƙannensa katin, Dada ta juya baya tana tankaɗe. A ɗakinta kayan suka kwana.

Da hantsi tsakar gida ya cika. Aka tayar da inji, Dikko ya kunna, sai layuka suka yi ta gudu a gilashi, babu rubutu babu dalilinsa.

Na ce, "Malam, wanga shi na Turancin Ingila?"

Bai kula ni ba. Ya murɗa tasha, ya sake soka wayar talabijin, ya zagi injin wuta, gumi har gemu. Can ya zare wayar daga katin ya soka a ramin kwamfutar na asali. Rubutu ya fito tar, amma fari da baƙi.

"To, katin na da laihi," in ji shi, murya a sanyaye. "Hanyar Kebbe ta kashe min shi."

Ya ɗaga murfi, sai ya ƙura wa katin ido. Na leƙa. Wata 'yar laya ce cikin jar fata, an cusa ta a gindin katin har ta ɗaga shi daga mazauninsa. Ɗinkin kuwa duk danginmu mun san hannun mai shi.

Ya ciro ta a hankali, ya kashe wuta, ya danna katin ya zauna daram, ya mayar da waya. Da ya kunna ya buga SANNU DADA, sai ga shi ja da kore. Mata suka rangaɗa guɗa. Dada ko ɗago kai ba ta yi ba. Ya sa hannu zai jefa layar aljihu, sai ta kira ni.

"Ɗan'iya, ce ma wancan shi maida abin da yac ciro. Ido ya yi mai yawa. Tun shina ƙarami, komi yat taɓa sai an taru kallo."

Dikko ya ɗaure layar a jikin waya, idonsa ya cika da ƙwalla, wai hayaƙin inji ne ya shiga masa ido. Ni da na tanadi tsiya buhu guda, tausayi ya hana ni kwance bakin buhun. Injin ma yana can bayan katanga.