Allon Tagulla a Tukunyar Inna

Gaggawa ce laifin nan, kuma wanda ta kayar ba malalaci ba ne. Mai gyaran rediyo ne, yana zaune a ɗakin baya na gidan yayarsa, ita kuwa ba ta kiransa sai da Injiniya, rabi tsokana rabi addu'a.

Wata uku ya yi yana ƙera na'urar da za ta kashe injin ruwa da kanta idan tanki ya cika. Wani mai masana'anta ya yarda zai duba ta ranar Laraba da la'asar. In ta yi aiki, ya ɗauke shi. In ba ta yi ba, akwai wasu a layi.

Allon da ake dasa kayan na'urar a kai, shi yake yin abinsa a gida. Ya buga zanen hanyoyin wuta a takarda mai sheƙi, ya kifa ta a kan allo mai fuskar tagulla, ya danne da dutsen guga har tawadar ta manne. Daga nan sai ya tsoma allon a ruwan magani, wanda ke cinye tagullar duk inda tawada ba ta rufe ba. Alluna biyar ya ɓata kafin hannunsa ya faɗa. Ranar Laraba da hantsi, na ƙarshe ya fito daga ƙarƙashin dutsen guga tsaf, ko layi ɗaya bai yanke ba.

Sai dai maganin ya tsufa. Ya tsoma allon a robar maganin, ya girgiza ta, ya duba agogo, tagulla ba ta motsa ba.

Yaya ta leƙo. "Injiniya, allon naka wanka yake yi ko barci?"

"Zafi yake so, Yaya. Ara mini tukunya."

"Kai da bakinka ka ce ruwan nan roba kawai yake shiri da ita. Ga ruwan ɗumi a baho, sa robar a ciki ka jira."

"Jiran ne ba ni da shi."

Tana juya baya ya sauko da tukunyar alminiyon da marigayiya Innarsu ta bari. Ya san ruwan yana cin ƙarfe. Ya dai ce wa ransa minti biyu ba za su yi komai ba. Ya juye maganin da allon a ciki, ya ɗora a wuta.

Ko minti ɗaya ba a yi ba ruwan ya hau kumfa, hayaƙi mai yaji ya cika kicin. Kafin ya samo tsumma, gindin tukunya ya huje, ruwan ya malale a simintin kicin. Da ya tsamo allon, tawada ta saɓule, hanyoyin wutar sun tsinke kamar zaren tsohuwar riga.

Yaya ta buɗe taga, ta kama hannayensa ta juya su. "Ba ka ƙone ba?"

Ya girgiza kai, ya kasa kallonta.

"To, wanke hannunka." Ta ɗauki tukunyar, ta leƙa hasken rana ta cikin hujin.

La'asar ta yi, ta wuce, yana zaune a bakin ƙofa. Zanen yana nan, ƙwarewar ma tana nan a hannunsa. Amma ga abin da minti biyun nan suka ci: allo ɗaya da ba shi da na biyu, siminti mai tabon da ba ya wankuwa, gurbin aiki da aka ba wani, da tukunyar da uwarsu ta yi shekara talatin tana ciyar da su da ita.